Wata shida a shagon koyon haɗa sola a Sabon Gari: abin da yaro ke samu da abin da ke kuɓuce masa

Shagon yana cikin Sabon Garin Zariya, ba nisa da PZ. Ƙofa biyu gare shi, ɗaya ta sayar da faifan sola, batir da inbata (na'urar da ke juya wutar batir ta zama irin ta NEPA), ɗaya kuma ta yaran da ke koyon aiki. Tsarinsu wata shida ne. Da safe ana zama a shago a kan benci da kayan gwaji, bayan azahar a bi maigida ko babban yaronsa zuwa gidan da ake aiki. Masu shiga galibi waɗanda suka gama sakandare ne suna jiran JAMB, sai ɗaliban ABU da na Nuhu Bamalli da ke son riƙe wani abu a hannu. Yajin aikin ASUU na 2022, wanda ya ci wata takwas, ya sa iyaye da yawa sun daina kallon irin wannan shago a matsayin wurin wanda boko ya ƙi. Cire tallafin mai a 2023 kuma ya sa janareta ta zama kayan ado a gidaje da dama, aikin sola ya buɗe.

Inda shagon ya fi ƙarfi shi ne hannu. A makon farko ba a barin yaro ya taɓa inbata. Mita ake ba shi, ya koyi auna bolt na batir, ya bambance wutar batir da ta NEPA, ya fere waya ba tare da ya yanke gashin tagullar ba, ya matse kan waya da filaya har a ja da ƙarfi bai zare ba. Wannan na ƙarshen ƙaramin abu ne a ido, amma kan wayar da bai matsu ba shi ke ɗaukar zafi a hankali har ya narkar da roba. Suna kuma koya wa yaro kankare waya da wuƙa kafin a saya. Idan aka kankare jan ya tafi, fari ya fito, to alminiyon ne aka shafa wa tagulla, kuma ba zai ɗauki nauyin da aka rubuta a jikinsa ba. Araha dai ba ta ado.

Jerin haɗawa ma sun riƙe shi da kyau: batir tukuna a kan kwantirola, na'urar da ke daidaita cajin da faifai ke tura wa batir, sannan faifai, wajen cirewa kuma a fara da faifai. Wanda ya juya jerin yana iya ƙona kwantirola tun kafin mai gida ya ga haske. Akwai ranar da wani yaro ya miƙa hannu zai jona wayar faifai alhali batir na gefe ba a haɗa ba. Maigidan bai ɗaga murya ba, ya ce, “Kai, ɗan nan, wa ke fara shiga gida, mai gida ko baƙo?” Yaron ya janye hannu ya ce, “Mai gida, Oga.” Aka ce to batir ne mai gidan. Irin wannan ba ya fita daga kan yaro.

Aikin kan rufi shi ma a yaba musu. Faifai na fuskantar kudu, a ɗan karkace su kamar digiri 11 zuwa 15, gwargwadon inda Zariya take, don ruwa da ƙura su riƙa zamewa. Ƙarfen da ke riƙe su a jikin katakon rufi ake ɗaure shi, ba a kan kwano kawai ba, saboda guguwar farkon damina ba ta san wasa ba, tana iya ɗauke faifan har da fallen kwanon. Duk ramin da aka huda sai an toshe shi, in ba haka ba ruwan Agusta zai nuna wa mai gida inda aka yi ha'inci a jikin silin ɗinsa. Ana kuma gaya wa kwastoma ya riƙa wanke faifai a lokacin hunturu, da sassafe ko da yamma, ba da tsakar rana gilashi na zafi ba.

Matsalar tana wajen lissafi, kuma ba ƙarama ba ce. Yaran sun haddace cewa “gida mai ɗaki uku, batir biyu, faifai biyu”, amma kaɗan ne za su iya faɗin dalili. Ga yadda ya kamata a zauna da biro: ƙwan fitila shida masu wat 10 na awa shida, wat-awa 360 ke nan (wat sau yawan awa), fanka biyu masu wat 75 na awa takwas, 1,200, talabijin mai wat 60 na awa huɗu, 240. Jimla 1,800 a rana. A ƙara kamar kashi 20 cikin ɗari na abin da ke salwanta a inbata da waya, ya kusa 2,200. Batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗauke da wat-awa 2,400 (12 sau 200), amma idan na ruwa ne rabi kawai ake ci in ana so ya yi ƙarko. Biyu ke nan za su ba da 2,400 da za a iya amfani da shi, ya isa da ƙyar. Ranar da matar gida ta jona firij ko dutsen guga, lissafin ya rushe, domin firij yana jan ninkin wutarsa sau uku ko fiye a lokacin tashi. Yaron da bai san wannan ba, idan batir ya mutu cikin wata takwas, sai ya ce kamfani ne ya yi jabu.

Haka batun kaurin waya. Nauyin wat 1,000 a kan bolt 12 ya haura amfiya 80, a kan bolt 24 kuwa rabin haka ne. Shi ya sa tsakanin batir da inbata ake sa waya mai kauri, sukwaya milimita 25 ko 35, kuma gajera. A shagon ana sa mai kaurin, amma don an ga maigida na sawa ne. Mafi haɗari shi ne jona faifai a jere kan layin waya ɗaya, inda bolt ɗinsu ke haɗuwa. Faifai mai wat 550 yana ba da kusan bolt 50 idan babu nauyi a kansa. Uku a jere sun kai 150, daidai iyakar kwantirola da yawa. A safiyar Disamba ko Janairu, sanyin Zariya na ƙara wa faifai bolt, sai ya tsallake iyakar, kwantirola ta tafi. Lambar tana manne a bayan kowane faifai, karanta ta ne ba a koyar da shi sosai.

Kariya ma da saura. Wani lokaci ana sa birekar wutar NEPA a layin faifai don ita ce a kusa kuma ta fi sauƙin kuɗi, alhali tartsatsin wutar batir da ta faifai ba ya mutuwa da kansa kamar na NEPA, yana buƙatar bireka tasa ta daban. Sandar da ake kafawa a ƙasa da na'urar kare tsawa kuwa sai kwastoma ya yarda ya biya, kuma ba a matsa masa. A garin da ake tsawa irin ta damina a nan, wannan sakaci ne. Ruwan batir dai suna tsayawa a kan tataccen ruwa, ba na rijiya ko na famfo ba, kuma ba sa haɗa tsohon batir da sabo. Batirin litiyom, wanda kasuwa ke komawa kansa, ana taɓa shi ne sama-sama.

To, a nan ne batun zaɓi tsakanin shago da makaranta ke shigowa. Digirin injiniyan lantarki a ABU shekara biyar ne idan babu yajin aiki, sannan shekarar bautar ƙasa. A kwalejin kimiyya da fasaha shekara biyu ce ta ND, shekara ɗaya ta sanin makamar aiki, biyu ta HND. Yaron shago a wata na huɗu ya fara samun na sabulu, a shekara guda yana iya karɓar ƙaramin aiki shi kaɗai. Amma duk abin da na lissafa a matsayin raunin shagon, darasi ne da ake koyarwa a makaranta. Kuma takardar da shagon ke bayarwa ranar yaye, ta shagon ce kawai. Ba ta shiga da mutum kwangilar asibiti ko ta ma'aikata, ba ta ba shi matakin albashi. Ɗan makaranta kuma sau da yawa zai zana maka tsarin a takarda tsaf, a miƙa masa filaya hannu ya hau rawa.

A ganina shagon ya cancanci kuɗinsa ga iri biyu. Na farko wanda ke jiran gurbin karatu ko yake hutun zango, musamman mai darasin fizis a sakandare, domin shi zai cike giɓin lissafin da kansa. Na biyu wanda ya yanke shawarar sana'a ce hanyarsa, da sharaɗin ba zai tsaya a takardar shago ba. Ya nemi jarrabawar Trade Test ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, wadda ake hawa daga mataki na uku zuwa na biyu zuwa na ɗaya, ko ta NABTEB, hukumar jarrabawar fasaha da kasuwanci, daga baya kuma shaidar hukumar NEMSA ta masu aikin wayarin. Wanda ake so a cire daga aji uku na jami'a don maƙwabci ya sayi babur da kuɗin sola, wannan ban goyi baya ba.

Uban da zai kai ɗansa ya tambayi abu uku kafin ya biya: yara nawa ke kan mita ɗaya, ko ana rubuta yarjejeniyar ranar yaye, da kuma wa ke biya idan yaro ya ƙona kayan kwastoma. A wannan shagon yara huɗu ne a kan mita, yarjejeniya ta baki ce, asarar kaya kuma ana raba ta tsakanin shago da iyaye. Babu igiyar ɗamara ta hawa rufi, silifas ake hawa da su, don haka takalmi mai riƙe kwano, safar hannu da mita ta kansa, gara a saya wa yaro tun makon farko.