Ja ko fari? Abin dubawa kafin sayen ruwan inabin kwalba

Da zarar Salla ta ƙarato ko lokacin bukukuwa ya kama, sai ka ga manyan kantuna sun jera dogayen kwalaben nan na ruwan inabi marar bugarwa, masu wuya naɗe da takarda mai ƙyalli: Eva, Pure Heaven, Chamdor, Veleta da 'yan uwansu. Mai saye kan tsaya a gabansu da tambaya ɗaya, ja zai ɗauka ko fari. Kafin launi kuwa akwai abin da ya fi cancantar a fara bincika, domin kwalba biyu na iya yin kama kamar an tsaga kara alhali abin da ke cikinsu ya sha bamban.

Iri biyu ne. Na farko ruwan inabi ne da aka matse, aka ɗumama shi don a kashe ƙwayoyin da ke tsima shi, sannan aka ɗura masa gas. Bai taɓa zama giya ba. Dabarar tsohuwa ce: a 1869 wani likitan haƙori a Amurka, Thomas Welch, ya bi hanyar ɗumamawa ta masanin kimiyya Louis Pasteur ya adana ruwan inabi ba tare da ya tsimu ba, don cocinsu ya samu abin sha marar bugarwa. Galibin abin da ake kai wa walima a Kano ko Kaduna daga wannan gida yake. Iri na biyu giya ce cikakkiya, wadda barasarta kan kai kashi 11 zuwa 14 cikin ɗari, daga baya aka cire barasar da na'ura, ko dai ta hanyar turara ta a tukunyar da aka zuƙe wa iska, ko ta tacewa. Dokar Tarayyar Turai ta 2021 ta yarda a kira irin wannan "de-alcoholised" muddin ragowar barasar ba ta haura kashi 0.5 ba. Saboda haka rubutun gaban kwalba bai isa shaida ba, juya bayanta. In ka ga "grape juice", ko "jus de raisin" a kayan da ke shigowa Maraɗi da Yamai, iri na farko ne. In ka ga "de-alcoholised wine" ko "vin désalcoolisé", na biyu ne. Malamai sun yi saɓani a kan na biyun, da yawa ba su yarda da shi ba tunda asalinsa giya ne. Ni dai ba zan ajiye shi a gaban baƙin da ban tambaye su ba.

To, sai maganar launi. Ruwan da ke cikin 'ya'yan inabi kusan duk fari ne, ko da inabin baƙi ne. Jan daga ɓawo yake fitowa. Masu yin fari suna matsewa su raba ruwa da ɓawo nan take, masu yin ja kuma suna barin ruwan tare da ɓawon, sau da yawa da ɗan zafi, har ya saki launinsa. Sinadarin da ke ba da wannan launi dangin wanda ke cikin zoɓo ne. Amma ɓawo da ƙwallo ba launi kaɗai suke saki ba, har da sinadarin tanin, wanda shi ne tushen bambancin da baki yake ji.

Duk wanda ya taɓa tauna goro ya san bauri, yadda harshe da dasashi suke bushewa su ɗan kama. Aikin tanin ke nan: yana manne wa sinadaran da ke sa yawu santsi, sai bakin ya yi kaushi na ɗan lokaci. Jan inabi mai kyau yana da wannan bauri kaɗan a ƙarshen maƙwarwa, kuma shi yake hana zaƙin ya gundure ka. Yana da nauyi a harshe, ƙamshinsa ya karkata wajen busasshen inabi da 'ya'yan itace da suka nuna luguf. In an yi shi da inabin Concord na Amurka, irin wanda aka san kamfanin Welch's da shi, za ka ji wani ƙamshi mai ƙarfi wanda masu alewa suke kwaikwayo, shi ya sa wasu ke zaton an zuba masa turare alhali nasa ne na asali. Jan da ka kurɓa ka ji zaƙi zalla, babu bauri ko ɗigo, to akwai alamar farin ruwa ne aka rina. Duba jerin kayan haɗi, za ka iya tarar da launin da aka ƙara.

Fari ba shi da bauri, tsami ne ƙashin bayansa. Ya fi sauƙi a baki, ya fi wartsakarwa, ƙamshinsa na tuffa ne da lemun tsami, wani lokaci da ɗan zuma. Wanda aka yi da inabin Muscat ya fi kowanne ƙamshi, kamar na fure, tun kana buɗe kwalba zai cika ɗaki. Raunin fari shi ne in tsaminsa ya gaza, sai ya koma ruwan sukari mai gas, kofi ɗaya ya ishe ka.

A ɓangaren waɗanda aka cire wa barasa, fari ya fi tsira da mutuncinsa. Barasa ita ce ke ba wa jar giya kauri da ɗumi, tana kuma lulluɓe baurin. Da an cire ta sai a bar ruwa tsararo mai tsami da bauri a fili, dole masu yi su mayar da ɗan ruwan inabi ko wani abu mai kauri don cike giɓin. Shi ya sa wanda ya saba da zaƙin Eva, ya kashe kuɗi mai yawa ya sayi jan da aka yi da inabin Cabernet Sauvignon ko Merlot aka cire masa barasa, yakan yamutsa fuska a kurɓin farko ya ce ya lalace. Bai lalace ba, haka yake.

Abincin da za a ci shi ne alƙali. Maiƙo da nama suna lafar da bauri, don haka ja ya dace da balangu, gasasshen rago, ko soyayyen naman Layya. Amma yaji abokin gabar tanin ne, kowanne yana ƙara wa ɗan uwansa kaifi. In tsire ne da yaji ya ji, ko kilishi, ko farfesun kayan ciki mai attaruhu, fari mai sanyi da ɗan zaƙi ya fi, domin sukari yana kwantar da zafin barkono. Kifi, kaza da soyayyar shinkafa ma fari suke so. Inda ake yawan kuskure shi ne wajen kayan gara: alkaki, nakiya da dubulan sun fi kowane ruwan inabi zaƙi, sai su bar shi lami ko tsami a baki. A nan shayi ya fi kwalba mai tsada. In taro ne na jama'a da yawa a watan zafi kuma ba ka san bakin kowa ba, rinjayar da fari, ka sa ja kaɗan don masu nama.

Sanyi ma yana canza ɗanɗano. Fari yana son sanyi sosai, wajen digiri 7 zuwa 10. Ja kuma in ya yi ƙanƙara ƙamshinsa yakan ɓuya baurinsa ya fito, gara a fitar da shi daga firji ya ɗan huta kafin a zuba. Kada dai a buɗe kwalba mai gas da ɗumi, murfin zai iya tashi ya sami idon wani, rabin abin kuma ya ƙare a kan shaddar ango.

Masu ciwon sukari su yi hattara da iri na farko. Ruwan inabi tsantsa yana ɗauke da sukari kusan giram 15 a kowane mililita 100, fiye da na Coca-Cola mai giram 10.6. Kwalba mai mililita 750 ta haura giram 100 ke nan, ko da an rubuta ba a ƙara sukari ba. Masu asma kuma su nemi kalmar "sulphites" a bayan kwalba, sinadarin adana abin sha ne da ke tayar wa wasunsu da ciwon.

Wajen lissafi, kwalba ɗaya tana ba da kofi 5 na mililita 150, katan mai kwalba 12 kofi 60 ke nan. Wanda aka rubuta wa "100%" ya fi mai sunan "fruit drink" tsada, kuma da dalili, domin na biyun ruwa ne da sukari da wani kaso na inabi. Duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi, sannan ka ɗaga kwalbar farin inabi a haske: in ruwan ya koma launin shayi, ya sha rana a shago, ɗanɗanonsa zai zama na dafaffen abu. 'Yan tsakuwoyin da kan kwanta a gindin kwalba ba komai ba ne, gishirin inabin ne ya daskare. Kwalbar da aka buɗe kuwa a mayar da ita firji a shanye cikin kwana 2 ko 3, domin ruwan inabin da aka bari buɗe a zafin Afrilu da kansa yake fara tsimuwa.