Sabon shagon askin da na koma a unguwarmu

Wata uku kenan da na sauya mai aski, tun ranar da ƙaramin ɗana ya kwaso makero a tsohon wajen da muke zuwa, kai duk ya yi fari-fari muka yi ta fama da magani. Wani abokina ne ya nuna min wannan shagon na bakin titi, kujera uku ce kacal, yaro matashi ne ke riƙe da shi amma wallahi ya san aikinsa.

Askin dai ba laifi, saisaye da gyaran fuska duk tsaf. Abin da ya sa nake wannan rubutu shi ne yadda yake yi wa kilifa in ya gama da mutum. Sai ya sa buroshi ya kakkaɓe gashin da ya maƙale a haƙoranta tas, sannan ya cire bakin ya tsoma cikin sifirit a wani ɗan kofi ya bar shi ya jiƙa, ya ɗauko wata kilifar ya ci gaba da aiki. Reza kuma sabuwa yake ɓarewa a gabanka. Na ce masa maigida ina laita, ba ka ƙonawa ne? Ya yi dariya ya ce yallaɓai wannan ai burga ce. Kuma gaskiya ya faɗa, wutar da za a ɗan haska sakan biyu ba ta shiga tsakanin haƙoran, sai ma ta cinye sifirit ɗin kafin ya yi aikinsa. Shi sifirit yana son lokaci, kuma mai kashi 70 cikin ɗari ya fi tsantsar sifirit aiki, ruwan da ke ciki ne ke taimaka masa ya lalata ƙwayar cuta kafin ya bushe.

Mutane da an ce aski sai su ce ƙanjamau, alhali ita wannan ba ta daɗewa a waje. Wadda ta fi ban tsoro ciwon hanta ne, hepatitis B, don bairos ɗinta na iya kwana 7 ko fiye a busasshen jini yana nan da ƙarfinsa, ɗigon da ido ma ba ya gani. Ka duba yadda ake ɗan yankar mutum a ƙeya wajen gyaran baki, ko a fasa ƙurji. Kuma bairos ba irin bakteriya ba ne da za ka je kemis ka haɗiyi Ampiclox, ba abin da zai yi masa, don cikin ƙwayoyin hantarka yake shiga ya hayayyafa.

Yana da akwatin nan mai shuɗin haske da ake sa kayan aski a ciki don kashe ƙwayoyin cuta shi ma, amma ni ban ɗauke shi a bakin komai ba. Ko na gaske ne, inda hasken ya taɓa kaɗai yake kashewa, ƙarƙashin gashi da maiko lafiya lau ƙwayar take, balle in nepa sun ɗauke wuta ya zama kwabar ajiya kawai.

Inda ban ji daɗi ba, tawul ɗaya yake goge wa kowa wuya da shi, kuma makero naman gwari ne, ta irin haka da mataji yake yawo. Na yi masa magana ya ce zai ƙaro, har yau dai shiru. Ranar Juma'a da safe kuma kar ma ka fara, layi har waje, kuma a lokacin na lura jiƙon nan yana raguwa saboda sauri. Kuɗinsa ya ɗan ɗara na sauran, ni dai ban ga tsadarsa ba.

Yaran sun samu riga-kafin ciwon hanta tun suna jarirai, don tun 2004 aka sa ta cikin alluran yara a Najeriya, mu da muka riga zuwa duniya ne ba mu samu ba. Na je an gwada ni ba ni da ita, na fara allurar, guda 3 ce, ta biyu bayan wata ɗaya ta uku a wata na shida, ita ke koya wa garkuwar jiki gane bairos ɗin tun kafin ya zo. Saura ɗaya ta rage min. Kafin nan dai ranar Talata nake zuwa, da tawul ɗina a leda.