Gargaɗi ga masu toye-toye: ku duba "kayan fai ɗin kabewa" da ake talla a intanet kafin ku tura kuɗi

Da an shiga watan Nuwamba tallan ke fara yawo a Instagram da gurup-gurup na WhatsApp: kwali guda an haɗa komai na yin fai ɗin kabewa irin na Amurka, da gwangwanin kabewa, da garin kayan ƙamshi, da ƙullin gyaɗar fikan (pecan, 'ya'yan wata bishiya ta Amurka), wai yanzu aka sauke su daga jirgi, a rabin kuɗin kanti. Waɗanda ake hari su ne masu toye-toye na sayarwa da ke karɓar odar Kirsimeti da sabuwar shekara, da matan gida masu son gwada sabon abu. Cikin masu tallan akwai 'yan kasuwa na gaskiya. Amma akwai macuta iri biyu: wanda ba shi da kayan sam, da wanda zai aiko muku abin da gara a ce bai aiko ba.

Shi wannan fai abincin Amurkawa ne na Ranar Godiya, wadda suke yi ranar Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba, su kuma sake yin sa a Kirsimeti. Ɓawon fulawa ne da bota, a ciki a zuba kabewa da ƙwai da madara da sukari da kayan ƙamshi, wasu kuma su barbaɗa fikan a sama. Damfarar gaba ɗaya ta jingina ne a kan tunanin cewa sai da kayan waje ake yin sa. Ba haka ba ne. Ban da fikan, babu abin da ba za ku samu a kasuwar garinku ba.

Macucin farko ba ya buƙatar dogon bayani. Hotunan shafinsa na wasu ne ya kwaso, an rufe wurin sharhi, sunan da ke kan asusun banki daban da sunan shagon. Za a ce muku saura kwali uku, a tura kuɗi yau. Kuna turawa sai a nemi kuɗin kwastan, gobe kuɗin mota, jibi kuɗin ɗan aike, daga nan a yi bulokin ɗinku. Maganinsa shi ne ku nemi kiran bidiyo, a juya muku gindin gwangwanin ku karanta kwanan wata da idonku, ku kuma ce sai kaya sun iso hannu za ku biya. Mai kaya ba ya gudun wannan.

Na biyu ya fi haɗari, domin kuɗi kaɗai na farko ya ci, wannan kuwa har cikin mutanen da za ku ciyar yake taɓawa.

A fara da gwangwani. Wanda aka fi sani shi ne na Libby's mai nauyin giram 425, ana yin sa da wani irin kabewa mai suna Dickinson da ake nomawa a kewayen garin Morton a jihar Illinois. Kamfani na buga kwanan wata a jikin ƙarfen gwangwanin, ba a kan wata takarda da aka liƙa ba. Idan kuka ga sitika a wurin, ku ɓare. Idan wurin ya yi ƙyalli fiye da sauran jiki, alamar an goge da sinadari ce aka sake bugawa. Murfin da ya kumbura, ko tsatsa a bakin haɗi, ko loɓawa a gefen murfi, a jefar ba tare da an ɗanɗana ba. Kabewa ba ta da tsami, shi ya sa ƙwayar cutar botulizim ke iya rayuwa a cikinta inda babu iska, kuma gubarta ba lallai ta canza wari ko ɗanɗano ba. Wannan dalilin ne ya sa ma'aikatar noma ta Amurka ta yi gargaɗin kada a adana markaɗaɗɗiyar kabewa a kwalba a gida: tana da kauri, zafi ba ya ratsa tsakiyarta yadda ya kamata. Don haka duk mai sayar muku da "kabewar gida" a kwalbar bama da ke zaune a kan kantar shago ba firji, ko da ba da mugun nufi yake yi ba, kada ku karɓa.

Akwai kuma wata ƙaramar cuta. Gwangwani iri biyu ne masu kama da juna: zallar kabewa, da wanda aka riga aka haɗa da sukari da kayan ƙamshi. Idan aka ba ku na biyu kuka bi ma'aunin na farko, fai zai yi zaƙi ya gundura, ya kuma ƙi kamawa. Ku karanta jerin abin da ke ciki. Na gaskiya kalma ɗaya ce, kabewa.

Sai garin ƙamshi, wanda nan ne aka fi cin riba. Abin da ake sayarwa da sunan haɗin fai ɗin kabewa ba wani sirri ba ne: kirfa ce mai rinjaye, da citta, da gyaɗar ƙamshi, da kanumfari. Fai guda ba ya cin fiye da cokalin shayi biyu na wannan haɗi gaba ɗaya. Macuci kan ƙara fulawa ko garin rogo ko dussa ya sa kala, ya zuba a roba mai kyan lakabi. Ku ɗebi rabin cokali ku zuba a kofin gilas na ruwa, ku motsa, ku bari ya kwanta. Idan ruwan ya rine nan take, ko kuka ji tsakuwa a ƙasa in kun murza da yatsa, an yi haɗi. Wasu na ba da shawarar a ɗiga aidin a ga ko zai yi baƙi, amma wannan gwajin ba ya aiki a nan, domin ita kanta citta cike take da sitaci, garin gaskiya ma zai canza launi.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne wanda ido ba ya gani. A watan Oktoban 2023 hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi kan wasu ƙananan jakunkunan markaɗaɗɗen tuffa mai kirfa da ake ba yara, bayan an samu dalma a jinin wasu yara. Da aka bi sawu, sai aka tarar matsalar daga kirfar da aka yi amfani da ita a ƙasar Ekwado take, kuma ana zargin an haɗa ta da sinadarin dalma mai launin rawaya. A 2024 ma an janye wasu garin kirfa daga kantunan Amurka saboda dalma. Wanda ya tuna abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ke nan "daga Amurka" ba shaidar tsabta ba ce, balle gari marar suna da aka ƙulla a wani ɗaki.

Ku sayi kayan ƙamshi ɗanyunsu ku daka da kanku. Kanumfari mai kyau in kun danna shi da farce zai fitar da ɗan mai, a ruwa kuma ko dai ya nutse ko ya tsaya a tsaye. Wanda ya kwanta a saman ruwa an riga an tatse mansa. Gyaɗar ƙamshi ta zama mai nauyi, ba huda, in an soka mata allura mai ya tsattsafo. Kirfa kuwa iri biyu ce: mai kauri da tauri da ta naɗe sau ɗaya, da ta Siri Lanka mai siraran yadudduka da ke farfashewa a hannu. Ta biyun ta fi tsada, shi ya sa ake sayar da ta farko da sunanta. Ga wannan fai mai kaurin ta wadatar, ita ma Amurkawan suka fi amfani da ita, kawai kada ku biya kuɗin waccan.

Fikan ita ce kaɗai sai an shigo da ita. Ana noma ta a jihohin Jojiya da New Mexico da Texas, da ƙasar Meziko, da Afirka ta Kudu. Kusan kashi 70 cikin ɗari na nauyinta mai ne, don haka da an ɓare ta zafi ke lalata ta cikin 'yan makonni in ba a firji take ba. Mai kyau launin zuma gare ta, tana ƙaras, tana da ɗan zaƙi. Wadda ta lalace ta yi duhu, ta yi laushi, tana warin tsohon fenti, ga ɗaci a maƙogwaro, kuma gashi ba ya gyara ta, sai dai ya baza ɗacin a fai ɗin duka. Dabarar macuta ita ce su farfasa ta, su cakuɗa da gyaɗa ko gutsattsarin wolnot (wasu 'ya'yan itace masu kama da fikan), su soya da sukari don ɓoye wari. Wannan ba ha'incin ciniki kaɗai ba ne: akwai mutanen da jikinsu ba ya karɓar gyaɗa, ɗan kaɗan ke toshe musu numfashi. Ku sayi mai rabi-rabi da kuke ganin siffarta, ku ɗanɗana kafin ku biya. In ba ta samu ba, yazawa gasasshiya ta yi, sai dai ku faɗa wa mai oda gaskiyar abin da kuka sa.

Ga abin da fai guda mai faɗin santimita 23 ke buƙata, don ku ga ƙanƙantar abin da ake ruɗar ku da shi. A samu kabewa wadda ta nuna, mai jan ciki, kilo ɗaya da ɗan ƙari. A raba biyu, a kwashe 'ya'yan, a kifa a faranti a gasa a obin mai zafin digiri 200 na minti 45 zuwa awa ɗaya, har cokali ya shige. Kada a dafa ta a ruwa. A kankare naman a markaɗa, a zuba a ƙyallen tatar koko a rataye awa biyu zuwa uku. Wannan tacewar ita ce bambancinta da ta gwangwani, kuma rashinta ne ke sa fai ya yi ruwa. A auna giram 425.

Ɓawo: fulawa giram 180, bota mai sanyi giram 115, gishiri rabin cokalin shayi, ruwan ƙanƙara babban cokali uku zuwa huɗu. A murmushe botar a fulawa da kan yatsu, a haɗa ba tare da murzawa ba, a sa a firji awa ɗaya. A murza, a shimfiɗa a faranti, a ɗora takardar gashi a cika da busasshen wake, a gasa minti 15 a digiri 200, a kwashe waken a ƙara minti biyar. Wanda ya tsallake wannan ƙasan fai ɗinsa zai fito ɗanye.

Ciki: kabewar, ƙwai biyu, sukari giram 150, madarar ruwa ta gwangwani mililita 350, kirfa cokalin shayi ɗaya, citta rabi, kanumfari kwata, gyaɗar ƙamshi kwata, gishiri rabi. Idan aka maye rabin sukarin da mazarƙwaila ɗanɗanon ya fi zurfi. A gasa a digiri 175 kimanin minti 50. Fikan giram 100 da sukari giram 50 da bota cokali biyu a barbaɗa su a minti 15 na ƙarshe, in an sa tun farko ƙonewa za su yi. A fitar lokacin da gefe ya kama, tsakiya na ɗan rawa. Tsagewar sama alamar ya wuce lokaci ce, ƙwai ya takure.

Daga nan kuma wata cutar ke fitowa, ta masu sayar da gasasshen fai su sa a mota daga wani gari. Abu ne na ƙwai da madara, bai kamata ya wuce awa biyu a waje ba, a firji ma kwana uku zuwa huɗu ne iyakarsa. Wanda ya kwana a but ɗin mota ba na ci ba ne, kome kyan kwalinsa.

Idan an riga an cuce ku, ku kira bankinku nan take kafin a kwashe kuɗin, ku ajiye hoton hirar da rasit da lambar asusun, ku kai ƙara wurin 'yan sanda. A Najeriya ana kai koken gurɓataccen abinci ga NAFDAC, na ha'incin ciniki kuma ga FCCPC, hukumar kare haƙƙin masu saye. Kada ku zubar da gwangwanin ko garin, ku ƙulle su a leda nesa da yara, domin su ne shaidar da za a nema.