Jakar shuka ta yadi: yadda take da tumatir da tattasai a gidajen Katsina

Baƙar jakar shukan nan ta yadi mai kauri, mai hannu biyu, wadda ake tallatawa a Facebook da WhatsApp, ta fara shiga gidajen Katsina, musamman inda aka shafe tsakar gida da siminti. Kaya ne mai kyau, sai dai girman da masu sayarwa ke cewa ya isa bai isa ba a yanayinmu.

Amfaninta yana wajen saiwa. A bokitin fenti, saiwa in ta taɓa bango sai ta riƙa zagaye tana nannaɗe kanta har ta cunkushe. A jakar yadi kuwa, da zarar bakin saiwa ya kai gefe iska ta busar da shi, sai shukar ta fitar da ƙananan saiwoyi masu yawa daga ciki. Ruwa ma ba ya kwanciya, don haka ruɓewar saiwa da damina tana raguwa sosai.

Amma ta inda iska ke shiga, ta nan laima ke fita. Da hunturu, ko a watan Afrilu da zafi ke kaiwa digiri 40, ƙaramar jaka da aka shayar da safe tana iya bushewa kafin la'asar. Bushewa yau, jiƙewa gobe, shi ke hana sinadarin kalsiyam kaiwa ga 'ya'yan, har ka ga gindin tumatir ya yi baƙi ya lotsa. Mutane kan ɗauka cuta ce su yi ta feshi a banza.

Shi ya sa muke cewa a ƙara girma. Da galan ake rubuta awonta: galan 3 kusan lita 11 ne, galan 5 lita 19, galan 7 lita 26, galan 10 lita 38. Tattasai da attaruhu, a ba su galan 5. Tumatir gajere irin Roma ko UC82B, galan 7. Mai tsawo da ke ci gaba da hawa, galan 10. Tushe ɗaya a kowace jaka. Galan 3 a bar wa albasa mai lawashi da latas. Kuma kafin ka sayi da yawa, auna guda da bokitin fenti mai lita 20, domin wasu ba sa cika abin da aka rubuta.

Ƙasar jigawa zalla ba ta riƙe ruwa, laka kuma tana daskarewa. A haɗa kashi 2 na ƙasa, kashi 1 na takin dabbobi da ya ruɓe sarai, kashi 1 na ɓuntun shinkafa. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa. A bar kamar yatsu 3 daga baki, a rufe da busasshiyar ciyawa.

Lokacin dashe ya fi jakar kanta muhimmanci. Tumatir yana shiga jakar yana da sati 3 zuwa 4, da ganyen gaske 4 zuwa 6, wato ban da ƙananan biyun da yake tsirowa da su. Tattasai yana jinkiri, sai sati 5 zuwa 6. Dashen da ya daɗe a fangali har ya yi fure, ko jakar ta kai nawa, a tsumbure zai ƙare. A shayar da shi tukuna, a ciro da ƙasarsa, a dasa bayan la'asar, a yi masa inuwa kwana 2 ko 3. Tumatir a binne karansa har ƙarƙashin ganyen farko, domin karan yana fitar da saiwa. Tattasai kuwa a tsayar da shi daidai zurfin da yake a da. Wanda ya dasa a Oktoba ko Nuwamba zai sami fure cikin sanyi. Wanda ya bari sai Maris zai ga furen yana kakkaɓewa saboda zafi.

Wajen ɗaurewa ne jakar ta gaza. Bangonta ba shi da ƙarfi, sanda ba ta tsayuwa idan 'ya'ya sun yi nauyi. A kafa sandar tun ranar dashe har ta taɓa ƙasan jakar, a ɗaure samanta da waya da aka ja daga katanga zuwa katanga. Karan kuma a ɗaure shi da tsumma sako-sako, kada da zaren leda mai yanka. Tumatir mai tsawo, a tsinke 'yan rassan da ke fitowa tsakanin kara da ganye tun ba su wuce tsawon yatsa ba, a bar kara ɗaya ko biyu. Roma da UC82B ba sa son wannan aski, yana rage musu yawan 'ya'ya. Ganyen da ke taɓa ƙasa kawai za a cire.

Hannayen jakar ɗinki ne kawai, suna yagewa in an ɗaga jaka jiƙaƙƙiya. A zaɓi wurin zamanta tun farko, mai samun rana awa 6, a ɗora ta kan katako don kada zafin siminti ya dafa saiwa. Wanda ba ya gida da rana kuma babu mai shayar masa sau biyu da bazara, bokitin fenti mai huda 6 zuwa 8 a ƙasa zai fi yi masa aiki.