Mun je wajen mai sasanta ma'aurata a Birmingham

Yaya kin dame ni in ba ki labarin wajen da muka je da Baban Ummi, to ga shi, amma don Allah kar ya kai kunnen Inna.

Farko dai kuɗi ake biya, fam 70 muka ajiye na minti 50 kacal, kuma wallahi lokaci na cika matar ta kalli agogo ta ce sai wani satin. NHS, wato hukumar lafiya ta gwamnatin ƙasar nan, ba sa ɗaukar irin wannan sai in akwai ciwon damuwa a ciki, don haka ko ku nemi masu zaman kansu ko ƙungiya irin Relate da ke wannan aiki tun 1938. A gida kuwa waliyyi ko liman ko ofishin Hisbah ko sisi ba a karɓa, a zauna da ku tun la'asar har isha.

Ni da na tafi da lissafin laifukansa tun daga zuwanmu ƙasar nan, na shirya tsaf a ba ni gaskiyata, sai matar ta ce ita fa ba alƙaliya ba ce, ba ni ce mara lafiyarta ba ba shi ba, auren ne aka kawo mata. Haushi ya kama ni sosai. Ashe ba abin da muke faɗa take saurare ba, yadda muke faɗarsa take kallo, ina magana yana kallon takalminsa, yana magana ina taɓe baki, duk tana rubutawa. Ta ce wani masani a Amurka, John Gottman, ya yi shekaru yana nazarin ma'aurata ya ware abubuwa 4 da ke cin aure: kushe, raini, kare kai, da yin gum a ƙi magana, kuma raini ya fi duka muni. Taɓe bakina kenan fa Yaya, ni da na zo ƙara!

Sannan ta gana da kowa shi kaɗai, ta tambaye ni kai tsaye ko yana dukana ko ina jin tsoronsa. Na ce a'a. Wannan kam ya burge ni, don a zaman gida wa zai tambaye ki haka a gaban kawunnai, sai dai a yi haƙuri, zaman aure ibada ne.

Inda ta gaza shi ne dangi. Da na ce rabin faɗanmu kan kuɗin da yake turawa gida ne sai ta ce mu sa wa dangi iyaka, Baban Ummi ya kalle ni na kalle shi, karon farko a watan nan da muka yi dariya tare. Wace iyaka za ka sa wa mahaifiyarka?

Ta ba mu aikin gida, kullum minti 10 ɗaya na magana ɗaya ba ya katsewa. Jiya ya kai minti 4 ya ce ya gama, ni kuma sai da ƙararrawar waya ta tsayar da ni.