Amlodipine ko captopril, wanne ya dace da tsohuwa?

Salamu alaikum. 'Yar uwa kin ce lokotoro ya rubuta ma inna amlodipine saboda tansiyon, wato hawan jini, maƙwabciyarku kuma captopril take sha, ita ce ma ta ce maku nata ya fi ƙarfi tunda sau ukku ake sha a wuni, shi ne kike tambaya ko ku canza. To bari in kwatanta maki su biyun yadda na san su wurin aiki.

Maganar ƙarfi dai ki aje ta gefe. Captopril ana shan shi sau 2 ko 3 ne don baya daɗewa cikin jiki, awa kaɗan ya fita, kuma an fi son a sha shi kamar awa guda kafin abinci. Amlodipine ƙwaya guda ce rak, 5mg ko 10mg, tana kwana tana wuni cikin jini, ko an makara da awa biyu ukku tansiyon ba ya yin tsalle nan take. Ga tsohuwa mai mantuwa, ko lokacin azumi, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Aikinsu ma ba ɗaya ba. Amlodipine sassauta hanyoyin jini yake yi su buɗe, captopril kuma toshe wani sinadari yake wanda ke matse su. Mu baƙar fata an daɗe da lura irin su captopril in su kaɗai ne ba su cika sauke mana tansiyon sosai ba. A 2019 an fitar da sakamakon wani bincike mai suna CREOLE da aka yi a ƙasashe 6 na Afirka har da Najeriya da Kamaru, haɗin da ke da amlodipine ciki shi ya fi sauke jini. Shi ya sa ni dai mai hawan jini zalla, babu suga babu ciwon ƙoda, in na ga amlodipine a takardarshi hankalina kwance yake.

Amma fa captopril na da wurinshi. Mai ciwon suga da ƙodarshi ta fara zubar da furotin cikin fitsari, ko mai raunin zuciya, shi ko 'yan uwanshi irin enalapril ake so don suna kare ƙoda da zuciya. Ki bincika, wataƙila maƙwabciyar nan taku suga gare ta. Sai dai yana buƙatar awon jini na ƙoda lokaci lokaci, kuma watan Afrilu da Mayu da Maraɗi ke tafasa, in tsoho ya yi zawo da amai ruwan jiki ya ƙare yana kan captopril, ƙoda na iya shan wuya, a kai shi likita da wuri. Mace mai ciki ko mai neman ciki kuwa kar ta kusance shi sam, yana cutar da ɗan tayi.

Illa kowanne da tashi. Captopril tari yake sawa, busasshe mai ƙaiƙayin maƙogwaro da hana barci, na ga wani dattijo da ya sha siro kwalba nawa har aka fara zancen tibi, wato tarin fuka, ashe maganin ne, ana canza mashi tarin ya tafi. In leɓe ko harshe ya kumbura kuma wannan gaggawa ce, kar a jira safiya. Amlodipine kumburin ƙafa yake kawowa, musamman 10mg, da marece ki ga silifa ta bar shaida a bayan ƙafa, wani lokaci da ciwon kai a farkon sha. Ba lalle ƙoda ba ce, amma a faɗa ma lokotoro, yana iya rage shi ya haɗa da wani.

Ku bar inna kan nata, ku riƙa awo kuna rubutawa a kaye, wato littafin rubutu, in sati huɗu ya wuce awon jininta na sama da 14/9 (wato 140/90) ku koma da takardar. Kuma don Allah a lura da diclofenac da ibuprofen ɗin da take saye wurin masu tebur saboda ciwon gwiwa, suna tada tansiyon, haka magi da kanwa da gishiri cikin miya. Amlodipine ɗin kuma na farmasi za ku saya mata, ba wanda ya wuni cikin rana a kasuwa ba. Allah ya ba inna lafiya.