Minti goman Dokta Sheppard: sharhi kan The Murder of Roger Ackroyd

Wanda bai karanta littafin nan ba ya dakata a nan, don zan fasa ƙwai. Agatha Christie ta fitar da shi a 1926, kuma duk darajarsa tana rataye ne a kan minti goma.

Ga lissafin. An kawo wa Roger Ackroyd, attajirin da aka kashe a daren, wasiƙar marigayiya Madam Ferrars da ƙarfe 8:40 na dare, wasiƙar da ke tona sunan mai tatsar ta kuɗi da barazanar tona mata asiri. Dokta Sheppard, wanda shi ke ba mu labarin, ya ce ya fito daga ɗakin da 8:50, wasiƙar ba a gama karanta ta ba. Abin da ya faru a tsakani kuwa, ya yi gum, alhali a nan ne shi da kansa ya kashe Ackroyd, don shi ne mai tatsar. Daga gidan zuwa ƙofar waje tafiyar minti 5 ce, amma sai da agogon coci ya buga tara sannan ya isa. Wannan rarar minti 5 ita mai bincike Poirot ya riƙe. A nan na sara wa Christie: likitan bai yi mana ƙarya ba, tsallake kawai ya yi, mu kuma muka ba kura ajiyar nama don ita ke riƙe da alƙalami. Hatta kujerar da Parker, baran gidan, ya lura an janye daga bango tana da aiki, na'urar naɗar murya ta kare a kan tebur.

To, na'urar nan ce ta ɓata min rai. Ita ce ta yi magana da muryar Ackroyd da 9:30, sakatarensa Raymond da baƙonsa Manjo Blunt suka ji suka ɗauka yana raye, alhali gawa ce. Sai dai Madam Ferrars a daren da ya gabaci kisan ta mutu. Ke nan a yini guda likitan ya haɗa wa na'urar agogon da zai tayar da ita, ya samo takalman Ralph Paton, agolan Ackroyd, don buga sawu a taga, ya shirya da ma'aikacin jirgin ruwa ya bugo masa waya daga tashar jirgin ƙasa da 10:15. Duk wannan tun bai san wasiƙa za ta zo ba! Kuma irin na'urorin zamanin a kan kakin zuma suke naɗar murya, da wuya a ce mai ji ta bayan ƙofa ya kasa bambancewa.

Tsakiyar littafin ma ta cika jan ƙafa. Kowa da ɓoyayyen sirrinsa: Flora, 'yar ɗan'uwan Ackroyd, ta saci fam 40 ta ce ta ga kawunta da 9:45, Ursula, 'yar aikin gidan, ta auri Ralph a ɓoye. Caroline, 'yar'uwar likitan, sarauniyar gulmar ƙauyensu na King's Abbot, ita kaɗai ke sa a jure.

A 2013 ƙungiyar marubutan labaran laifi ta Birtaniya ta zaɓe shi a matsayin wanda ya fi kowanne. Na yarda da rabin hukuncin. A karanta shi sau biyu, na biyun da biro a hannu ana rubuta lokuta, musamman a babi na 4.